Jan Maraƙin da Baƙar Saniya Ta Haifa

Shekarata sittin da tara a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa shekara hamsin da ɗaya ke nan da aukuwarsa, sa'ad da nake ɗan shekara goma sha takwas, ina ajin ƙarshe a makarantar sakandare ta kwana a Rano. Wata Talata ce a ƙarshen kaka, an riga an kai dawa rumbu, kwanana uku da dawowa ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Kibiya da Rano, domin hutun ƙarshe kafin jarrabawar fita. Da hantsi ina zaune a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonarmu ta gabas, littafin ilimin halittu a kan cinyata, ina maimaita babin da ya fi ba mu wuya, watau na yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye. A gabana kaɗan garken Kawu Sambo ne, Bafillatanin da ke sauka a gonarmu kowace shekara. An gama tatsa ke nan ba a saki shanu ba, maruƙa suna jere a dangwali, doguwar igiyar nan da makiyaya ke ɗaure su. Sai na hango Baffa Tanimu, wan mahaifina, tafe daga gari yana zuba sauri, hularsa a karkace. Bai yi sallama ba. Ya wuce ni, ya wuce tabarmar da aka yi hanzarin shimfiɗa masa, ya tsaya a kan maruƙan ya ce, "Sambo, ina maraƙata?"

Wajibi ne in bayyana wa waɗanda ba su riski lokacin ba yadda al'adar take. Mutumin gari in ya sami hali yakan sayi saniya ya danƙa wa makiyayi amana. Nonon na makiyayi ne, 'ya'yan da ta haifa na mai saniya ne. Da damina garke yakan yi nisa, can wajen duwatsu inda babu shuka, da kaka kuma ya dawo ya sauka a gonar mai saniya, shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Babu takarda, babu sa hannu, babu mai tsayawa shaida. In makiyayi ya dawo ya ce ta haihu, to, ta haihu, in ya ce ya mutu, an yi haƙuri. Kawu Sambo ya fara sauka a gonarmu tun kakanmu yana da rai. Da kindirmon gidansa aka yaye ni, shi ya koya mini gane shekarun saniya ta haƙori, a rugarsa muke kokawa da langa da 'ya'yansa har rana ta faɗi, mu koma gida jikinmu yana warin shanu, a yi mana faɗa, washegari mu sake komawa. Mutum ne dogo, siriri, mai ƙarancin magana, wanda ban taɓa ganin yana cin abinci a gaban jama'a ba.

Baffa Tanimu kuwa shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifina ina ɗan shekara shida. Ba na musun cewa ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, kuma bai hana ni karatu ba. Amma ban taɓa zama da mutumin da ya tabbata a ransa kowa cutarsa yake yi kamarsa ba. Yakan soka tsinke a jikin rumbu domin ya gane ko hatsi ya sauka. In zabi suka rage ƙwai, maƙwabta ne. In ɓera ya huda buhun gyaɗa, matan gida ne. Da asuba yakan tashe mu mu share turken awaki, mu ɗebo ruwa a rijiya, mu tafi gona da fartanya kafin a dama koko, kana ya biyo bayanmu yana duba kunya ɗaya bayan ɗaya, ba don ya yaba ba, sai don ya samo inda aka tsallake. Abin da yakan faɗa kullum shi ne, "Ni ba a rufe mini ido." Da wannan magana ya ɓata da 'yan'uwansa, da surukansa, da duk wanda ya taɓa haɗa iyakar gona da shi.

Abin da ya kawo shi gona ran nan shi ne wannan. Shekara uku kafin haka ya sayi wata baƙar karsana a kasuwar Kibiya, ya ba Kawu Sambo, Fulani suka sa mata suna Ɓale saboda baƙinta. Bijimin garken shi ma baƙi ne wuluk. A daminar wannan shekarar Ɓale ta yi haihuwar fari a can daji, ta haifi namiji, kuma ja, jawur kamar marmara. A cikin mako guda kuma wata jar saniyar Kawu Sambo, wadda suke kira Woɗe, ta haifi mace, baƙa. Kowa ya san mace ta fi namiji daraja a wurin mai son tara dukiya, gama ita ke haifar garke. To, sai ga baƙar saniyar Baffa da jan namiji, ga jar saniyar makiyayi da baƙar mace. Wani mai kai gulma ya je ya fesa wa Baffa, shi kuwa bai buƙaci a faɗa masa sau biyu ba.

Kawu Sambo bai ɗaga murya ba. Ya gaishe da Baffa, Baffa bai amsa ba. Sai Kawu Sambo ya kwance jan maraƙin, nan take ya ruga wurin Ɓale, ta sunkuya tana lasarsa, ya kama nono. Ya kwance baƙar, ta nufi Woɗe. Duk mai hankali da ya ga haka sai ya ji kunya ya koma gida. Baffa dai ya yi dariya, ya ce shi ba yaro ba ne, ya san Fulani sukan musanya 'ya'ya tun ranar haihuwa, su shafe maraƙi da gishiri da ruwan mahaifa har saniya ta karɓe shi. Ya ce baƙa ba ta haifar ja, ja ba ta haifar baƙa, ko makaho ya san wannan. Sa'an nan ya furta kalmar da har yau in na tuna nakan ji ɗaci a bakina, ya kira dattijon nan ɓarawo a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya ce nan da kwana bakwai su haɗu a ƙofar dagaci, ko ya ba shi maraƙarsa, ko ya dafa Alƙur'ani.

Na daɗe a gindin ɗorawar bayan tafiyarsa, littafin yana buɗe a shafin da na tsaya. Malaminmu na ilimin halittu wani Ba'indiye ne gajere, wanda muke kira Malam Mai Wake a bayan idonsa, domin kullum aljihunsa cike yake da wake fari da ja da yake koyarwa da su. A makarantar nan da kwanon ƙafar mota ake buga ƙararrawa, da safe mu share fili da tsintsiyar kwakwa, da yamma mu yanke ciyawa da langalanga, tsakanin haka kuma mu yi ta hadda kamar aku. Babin gado shi ne dodonmu. Malam Mai Wake yakan zana akwati mai gida huɗu a allo, ya cika shi da manya da ƙananan haruffa, mu kwafa, mu haddace, ba tare da ko ɗayanmu ya yi tunanin abin yana da alaƙa da duniyar da muka fito ba. A wurinmu dabara ce kawai ta cin jarrabawa, irin ta Turawa, wadda za mu zubar a bakin ƙofar makaranta ranar da muka gama.

Ran nan ne kaɗai na karanta shafin da idon mai neman amsa. Abin da ya ƙunsa ba shi da wuya. Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, in tana nan ita ake gani. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba ta bayyana sai ta haɗu da 'yar'uwarta. A cikin shanu, in ji littafin, har da hoto, baƙi ne mai rinjaye, ja ne mai laɓewa. Ashe saniya tana iya zama baƙa a ido alhali tana ɗauke da ja a ɓoye. In ita da bijimin duka haka suke, to, a cikin gida huɗun nan guda ɗaya ja ne. Jar saniya kuma in ta haɗu da irin wannan bijimi, tana iya haifar baƙi kamar yadda take iya haifar ja. Watau abin da ya faru a garken Kawu Sambo, duka biyun, yana rubuce a kan cinyata. Abin da ya rage shi ne in san ko akwai ja a asalin bijimin, da kuma asalin Ɓale.

Bayan la'asar na koma ruga na tambayi Kawu Sambo wace ce uwar bijiminsa. Ya dube ni da mamaki, kana ya fara jero mini asalin dabbar nan kamar mai karanta allo, uwarsa, da uwar uwarsa, da bijimin da ya haifi kowace, da inda aka haife ta, da launinta, har kaka ta biyar. Uwar bijimin ja ce, ta mutu shekara biyu da suka wuce. Na yi masa bayanin abin da ke littafina, ya saurara har na gama, ya ce su ba su san gida huɗu ba, amma sun sha ganin launi ya ɓace a 'ya ya dawo a jika. Na ce to ya faɗi haka a gaban dagaci. Ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan dabba ba, shi ma ba zai fara ba, kuma ba zai tsaya a bainar jama'a yana cacar baki da mutumin da ya ci gishirin gidansu shekara ashirin ba. Ya riga ya yanke shawara zai miƙa maraƙar a wuce wurin. Na ce masa in ya yi haka duk ƙasar nan za a ce ya amsa laifi, babu wanda zai ƙara ba shi ko 'ya'yansa amanar ko da akuya. Ya ce, "Su ce, ɗan Malam. Allah ya san wadda ta haife shi."

Wannan irin kunya ta Fulani ita Baffa ya dogara da ita, kuma ya san da haka sarai. Ya san mutumin ba zai yi jayayya ba, ba kuma zai rantse ba. Wannan ne ya ƙona mini rai fiye da zagin.

Ranar kasuwar Kibiya na tafi a ƙafa, na kutsa kara, inda ake cinikin shanu, na nemi Ilu dillali, wanda ta hannunsa aka sayi Ɓale. Da farko ya ɗauka Baffa ne ya aiko ni da wata sabuwar fitina, ya ce in gaya masa ciniki ya daɗe da faɗawa. Da na yi masa bayani sai ya tauna goronsa, ya yi tunani, ya ce karsanar daga Rurum ta fito, daga garken wani dattijo Malam Jibo, Bafillatanin da ya zauna ya zama manomi. Washegari na ari keken wani abokina na kama hanya tun da sassafe. Sau biyu ƙaya tana huda mini taya, sau ɗaya na ɗauki keken a kafaɗa na ƙetare rafi, ban isa ba sai bayan azahar. Malam Jibo ya sa aka dama mini fura kafin ya yarda ya ji abin da ya kawo ni. Da na kwatanta masa karsanar, da farin tabon da ke ƙirjinta, sai ya tashi ya kai ni bayan gida, ya nuna mini wata tsohuwar saniya mai dogayen ƙahoni tana kwance tana tuƙa. Ja ce. Ya ce ga uwarta nan. Na roƙe shi ya ba ni saƙon baki in kai wa dagacinmu, ya ce saƙo bai isa ba a inda aka kira makiyayi ɓarawo, da ƙafarsa zai zo.

Inna, mahaifiyata, ta gane inda na je tun kafin in faɗa mata. Tana surfe ta ajiye taɓarya, ta ja ni ɗaki, ta ce in tuna a gidan wa muke zaune, kuma tuwon wa muke ci. Ta ce ita ma ta san Sambo ba zai ci amana ba, amma yaro ba ya tsayawa a gaban manya ya ƙaryata wanda ya riƙe shi. Ta ce in bari Malam Jibo ya yi magana shi kaɗai. Na ce mata shaidarsa ba za ta yi amfani ba in babu wanda ya bayyana abin da take nufi, gama Baffa zai ce ina ruwansa da launin kaka. Ta koma kan turminta. Ba ta ce in je ba, ba ta kuma sake cewa kada in je ba.

Ranar da aka sa, bayan hantsi, aka taru a gindin durumin ƙofar dagaci. An janyo shanun biyu da 'ya'yansu an ɗaure a gefe. Masu dara sun bar ramukansu sun matso, mata suna leƙe ta zana. Baffa ya yi magana mai tsawo, yana nuna baƙa da baƙa, ja da ja, yana tambayar jama'a ko suna da idanu. Da yawa suka gyaɗa kai, gama a ido maganarsa ta zauna daidai. Dagaci ya juya ga Kawu Sambo, shi kuwa kansa a sunkuye, sandarsa a kwance a gabansa, ya ce kawai abin da ya faɗa tun farko shi ne gaskiya. Dagaci ya dubi liman, na ga liman ya fara gyara zama zai aika a ɗauko Alƙur'ani, na ga kuma Kawu Sambo ya ɗaga hannu zai yi maganar da na san zai yi. Sai na cire takalmina, na matso, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, ina neman izini.

Baffa ya ce a kori yaron nan, ba a kira shi ba. Dagaci dattijo ne mai son jin ƙwaƙwaf, ya ce a bar ni. Na share ƙasa da tafin hannu, na zana gida huɗu da tsinke, na fito da gawayi da ƙananan jajayen duwatsu da na cika aljihu da su, kamar yadda malaminmu ke yi da wake. Na aza gawayi da jan dutse a sama na ce ga bijimi, baƙi a ido amma uwarsa ja ce, don haka yana ɗauke da biyun. Na aza irinsu a gefe na ce ga Ɓale. Sa'an nan na rarraba su gida gida, ina rufe jan dutse da gawayi duk inda suka haɗu, domin a ga yadda baƙi ke danne ja. Gida uku suka fito baƙi. A na huɗu jan dutse ya haɗu da jan dutse, babu gawayin da zai rufe su. Baffa ya ce wa jama'a, "Ku duba, shekara biyar a Rano, dara aka koya masa." Aka yi dariya, ban ɗaga kai ba. Na ce saura a tabbatar akwai ja a asalin Ɓale, ga kuma wanda ya sayar da ita.

Malam Jibo ya miƙe daga bayan taro, da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ya je ya shafa wuyan Ɓale, ya duba tabon ƙirjinta, ya ce tasa ce, a hannunsa aka haife ta, uwarta ja ce kuma tana nan da rai, duk mai shakka ya biyo shi Rurum. Ya ƙara da cewa in baƙa ba ta fitowa daga ja, to, a tambayi Malam Tanimu daga ina tasa saniyar ta fito. A nan dariyar ta juya. Ilu dillali ya tabbatar daga wurin mutumin nan aka saya. Dagaci ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasa, har ya sa sandarsa ya ture gawayi ɗaya ya ga jan dutsen da ke ƙarƙashi. Kana ya tambaye ni, "Littafin naka ya ce ba a yi musanya ba?" Na so ƙwarai in ce i. Amma na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Abin da ya ce shi ne launi ba shaida ba ne." Ya tambayi Baffa ko yana da wata hujja ban da launi, ko wani da ya gani da idonsa. Babu. Dagaci ya yi shawara da liman a hankali, sa'an nan ya ce ba za a sa mutumin da aka sani da amana shekara ashirin ya rantse a kan zato marar tushe ba. Jan maraƙi na Tanimu ne, baƙar maraƙa ta Sambo ce, kowa ya kama nasa.

Na ɗauka an gama. A gida Baffa ya tara mata da yara a tsakar gida, ya ce su shaida, ya yi kiwon maciji a cikin rigarsa. Ya ce daga yau kada in ƙara sa hannu a akushinsa, in je in ci a ruga. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. Na durƙusa na gaishe shi da magariba, ya kau da kai, kuma haka ya ci gaba da yi har shekara shida.

Washegari da sassafe, muna share turke, sai ga Kawu Sambo a ƙofar gida yana jaye da dabba uku, Ɓale, da jan maraƙin, da baƙar maraƙar da dagaci ya ce tasa ce. Ya ɗaure su a turken ƙofar zaure, ya yi sallama, Baffa ya fito. Ya ce ga amana ya dawo da ita, ga kuma wadda aka yi rigima a kanta, ba ya son ya riƙa ganin abin da aka kira shi ɓarawo dominsa a cikin garkensa. Ya yi godiya a kan shekarun da aka zauna, ya roƙi gafara in ya taɓa saɓa wa wani. Ya kama hannuna ya riƙe kaɗan, ya juya. Na bi shi har gona, na tarar an riga an kwance bukkoki an ɗora wa shanun kaya. Suka kora garke suka yi kudu. Woɗe kaɗai ke tirjewa, tana juyowa wajen gari tana kuka, sai da aka sa mata igiya. Ina jin kukanta har suka sha kan tudu.

Na dawo a guje na roƙi Baffa, duk da ba ya amsa mini, ya bari in mayar da maraƙar kafin su yi nisa. Ya wuce ni kamar bango, ya kwance ta da hannunsa, ya shigar da ita cikin gida, ya sa aka jiƙa mata dusa. Ya riƙe ta. Mutumin da aka nuna wa gaskiya a gaban dagaci da liman da dukan gari ya karɓi abin da ya san ba nasa ba ne, ya ci ribar kunyar wani. Har ƙarshen ransa kuma, duk inda aka ta da zancen, yakan ce, "Da bai ci ba, da bai biya ba." Waɗanda ba su halarci zaman ba suka yarda da shi, har wasu da suka halarta suka fara shakka. Shekara biyu bayan haka Ɓale ta sake haihuwa da wani bijimi, ta haifi baƙi, Baffa ya zagaya gari yana shela kamar ya ci yaƙi. Na san wannan bai tabbatar da kome ba, amma ina makaranta a nesa, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Jarrabawa ta zo, tambayar gado ta fito a kan dogon wake da gajere, na amsa ta da fushi har alƙalami ya huda takarda. Na ci, na ci gaba da karatu, na yi aikin malamin dabbobi shekara talatin da biyar. Duk rugar da na shiga yin allura a kudancin Kano nakan tambayi labarin wani Sambo dogo mai baƙin bijimi. Wasu suka ce ya yi wajen Zariya, wasu suka ce ya wuce nan. Ban sake ganinsa ba. Da Baffa ya rasu na yi masa salla, na sa shi a kabari da hannuna, na roƙa masa gafarar Ubangiji kamar yadda addini ya umarta. Amma zan yi ƙarya in na ce zuciyata ta sauka. Jikokin maraƙar nan suna cikin dukiyar gidanmu da aka raba bayansa, na ce a cire sunana daga kansu.

Yanzu jikokina suna maimaita wannan babi a waya, suna danna amsa da babban yatsa, ɗaya daga cikin huɗu, biyu daga cikin huɗu, ba su taɓa riƙe igiyar maraƙi ba. In na ce su zo in zana musu a ƙasa, sai su ce ba haka ake tambaya ba. Gonarmu ta gabas tana nan, an sare ɗorawar, takin buhu ake zuba mata, ƙasar ta yi fari ta gaji. Babu garken da ke sauka a cikinta, kuma ban san mutum ɗaya a ƙauyenmu da zai danƙa wa makiyayi saniya a kan maganar baki ba, ko makiyayin da zai karɓa. Mutane sukan ce zamani ne ya kawo haka. Ni dai na ga safiyar da abin ya fara a gidanmu, kuma ba zamani ne ya kwance igiyar ba.

Dagaci da liman da Ilu dillali da Malam Jibo duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura mutum biyu da suka ga abin da idonsu, ƙanwata Hajiya Rakiya da ke zaune a Yalwa, wadda ta leƙa ta zana ran nan, da Malam Garba tela na bakin kasuwar Kibiya, wanda ya ara mini kekensa kuma ya tsaya a bayana a gindin durumi. Duk wanda ya ji labarin ta bakin zuriyar Baffa, ya je ya tambaye su.